Jita da fik: abin da za ka saya kafin ka fara koyon kiɗan Ayilan da na gargajiyar Amurka

Toh jama'a, duk wanda ya ji yadda Doc Watson, makaɗin jita ɗan Amurka, yake ɗauko kiɗan goge na tsaunukan Amurka ya zuba shi kan jita da fik (ɗan falle da ake kaɗa tsirkiya da shi) ɗaya tak, ko ya ji jig da ril, kiɗan rawa na Ayilan da Sikotilan, ransa ya biya, dan Allah kar ya je ya sayo jita mai tsirkiyar nailan. Wuyanta ya yi faɗi, muryarta laushi gare ta, fik ba ya fitar da komai a kanta. Mai tsirkiyar ƙarfe ake so.

A masu ƙarfen ma kala biyu za ka duba. Akwai Dreadnought, babbar nan ƙirar kamfanin Martin, muryarta da kauri, ita 'yan Amurka suka fi so don tana iya ɗaga murya a tsakiyar banjo da goge. Sai ƙaramar da ake ce wa OM ko 000, ƙugunta a matse, ta fi daɗin riƙewa kuma tsirkiyoyin shida kowacce tana fita tas babu mai danne wata, ni dai in kiɗan Ayilan ne a ranka ita zan ce ka ɗauka, saboda kiɗan gudu gare shi, in ƙasan murya ya yi yawa sai komai ya cakuɗe. In kuɗi kaɗan ne, Yamaha FG800 ita ce babbar, FS800 ƙaramar, duka biyun fuskarsu katako ne falle guda, sauran jikin kuma na liƙe.

Kuma na liƙen nan kar ka raina shi. Jita mai tsada wadda duk jikinta katako zalla ne tana son danshin iska wajen kashi 45 zuwa 55, mu kuwa in hunturu ya kama a Kano ko Damagaram iska bushewa take ƙayau, sai ka ga fuskar jita ta tsage, bakin ƙarafunan wuyan sun fito suna kartar yatsa. Ko wacce ka saya haɗa da akwatinta, ka saka ɗan soso mai laima cikin kwanon sabulu mai huji ka rufe su tare.

Kafin ka biya, duba tazarar tsirkiya da wuya a ƙarfe na 12 na jikin wuyan, tazarar tsirkiya mai kaurin kar ta wuce milimita biyu da rabi sosai. In ta yi sama yatsunka za su sha wuya a banza.

Fik kuwa shi ne mafi araha amma wallahi shi ke canza sauti. Siririn nan mai kaurin milimita 0.5 lanƙwashewa yake, kafin ya dawo daidai kiɗan ya wuce ka. Fik ɗin Dunlop Tortex kore 0.88 ne, shuɗi 1.0, mai ruwan shunayya 1.14, sayo dukansu ka gwada. Masu salon Amurka sun fi son mai kauri, har 1.4 ma, masu Ayilan da yawa suna ɗan sassautawa don 'yan kaɗe-kaɗen nan uku masu sauri su fita sumul. BlueChip yana da kyau amma guda ɗaya ya haura dala 30, mai koyo bai buƙatarsa.

Tsirkiya fara da 12-53, wato lambar kaurin mafi siranta da mafi kauri. In daga baya ka koma ɗaurin DADGAD (wata hanyar saita muryoyin tsirkiyoyin shida), wanda Davey Graham ya yaɗa a farkon shekarun 1960 bayan ya ji kiɗan Maroko, sai ka koma 13-56 tunda guda uku ake sassautawa. Amma fara da ɗaurin da kowa ya sani, yawancin kiɗan Ayilan a muryar D da G suke, suna zama lafiya a kai. Kapo, abin matse tsirkiyoyi a wuya don ɗaga murya, ɗaya ya isa, saita murya kuma manhajar waya tana yi kyauta.

Maganar darasi, shafin The Session cike yake da kiɗa a rubuce kyauta, sai dai ba zai duba hannunka na dama ba, kuma nan ne matsalar take. Ril ƙasa-sama ake bugawa a jere, jig kuma yawanci ƙasa-sama-ƙasa, ƙasa-sama-ƙasa. In za ka biya malami ta intanet, nemi wanda zai karɓi bidiyonka ya gyara maka, in ba haka ba abin da ke YouTube ya ishe ka.