Yaro ya zauna makarantar garinsu ko ya tafi ta kwana a wata jiha?

Wai ni tambayar nan ta ishe ni, iyaye ƴan uwanmu dake Amurka kullum sai sun turo min: yaro ya iya ƙwallon kwando, a kai shi makarantun kwana irin su Montverde da IMG a Florida ko Oak Hill a Virginia, ko a bar shi gida?

Maganar kuɗi dai a bayyane take, makarantar gwamnati kyauta ce, su kuwa waɗancan dubun dubatar daloli ne a shekara in ba sikolashif aka ba shi ba. Amma fa can ne zai riƙa karawa da manya kullum, masu farautar ƴan wasa na jami'o'i kuma suna zaune bakin fili. Cooper Flagg ya baro Maine ya tafi Montverde, 2025 shi aka fara ɗauka a zaɓen sabbin ƴan wasa na NBA, babbar gasar ƙwallon kwando ta Amurka.

Sai dai abin da ba'a faɗa maka, yaron da yake tauraro a garinsu yana iya zuwa can ya dumama benci shekara guda, ga kewar gida, ga ba uwa a kusa. Ko Joel Embiid, tauraron NBA, sai da ya bar Montverde saboda bai samun wasa. Shahararren ɗan wasa LeBron James kuwa bai bar garinsu Akron ba, kuma wasannin AAU (gasar ƙungiyoyin matasa da ba ta makaranta ba) na lokacin hutu ma suna fito da yaro. A duba kuma ko NCAA, hukumar wasannin jami'o'i, ta yarda da darussan makarantar, wasu suna ne kawai.

In yaro ya fi ƙarfin garinsu kuma ya iya riƙe kansa, ya tafi. Wanda har yanzu sai an tashe shi da asuba, ko yake da koci nagari a gida, gara ya zauna.