Kwana huɗu ina jinyar Hajiya: asibitin ya yi, matiron ce matsalar

Makon jiya aka sallamo Hajiyarmu daga wani asibitin kuɗi a nan Kano. Suga ne ya hau mata, ga gyambo a ƙafa. Ni na kwana da ita duk kwanakin.

Tsafta dai ba a magana. Ana ɗauke wuta ake tayar da inji. Likita na zagayowa da ƙarfe tara, kuma yana tsayawa ya saurari mutum. Gado naira 12,000 a kwana, ban da magani. Da tsada, amma kana ganin inda kuɗinka ya tafi.

Akwai wata nas, yarinya ce, ita kaɗai take aikin dare a ɗakin mata mai gado tara. Mama take ce wa Hajiya. Daren farko cikin barci ta sa mata allurar ƙarin ruwa, sau ɗaya ta samu jijiya, Hajiya ko motsi ba ta yi ba.

Da safe matiron, wato shugabar nas-nas, ta shigo, ta duba fayil, ta ga ba a rubuta awon suga na asuba ba. An yi awon, a gabana aka yi, rubutawa ce ta sha'afa. A gaban marasa lafiya da 'yan dubiya ta balbale yarinyar: "Ke wace irin daƙiƙiya ce? A ina ma kika yi karatun?" Ta wurga mata fayil ɗin a ƙirji.

Can allurar ta toshe, aka ce ta sake. Hannunta rawa yake. Sai da ta soki Hajiya sau uku, har bayan hannun ya kumbura. Hajiya ce ma take ba ta baki: "Yi a hankali 'yata, ba komai."

Daga nan na lura, da an ji ƙwas-ƙwas ɗin takalmin matiron ɗakin ke yin tsit. Ko nas na da tambaya kan magani, sai ta haɗiye ta. Wannan ya fi tsoratar da ni.

Wata cikinsu ta ce min takardun Saudiyya take haɗawa: "Yaya, albashin zan iya haƙuri da shi, wulaƙancin ne ya ishe ni." Da na ji hukumar aikin jinya da ungozoma ta ce sama da nas 15,000 sun bar Najeriya a 2023, kuɗi kawai na ɗora wa laifin.

Na rubuta ƙorafi na jefa a akwatinsu. Ranar Litinin za mu koma wankin ƙafa. Hajiya ta ƙulla wa yarinyar turaren wuta, in mun tarar da ita.