Wasiƙa daga Istambul zuwa Tudun Wada: inda za ku sauka da inda za ku ci

Assalamu alaikum Yaya. Ina fata kuna lafiya, da Hajiya da yara, da su Baba a cikin birni. Na ji saƙonka cewa kun tsai da shawarar zuwa hutu na kwana bakwai, kuma kana neman masauki mai sauƙin kuɗi. Na so a ce gidana za ku sauka. A Zariya abin kunya ne ɗan uwa ya zo gari ya kwana a otal, ni ma abin ya tsaya mini a rai. Amma ɗaki ɗaya ne da ɗan falo, kuma nesa yake da inda za ku riƙa yawo. Shi ya sa na zauna na rubuto maka abin da na sani dalla-dalla.

In mutum zai kama ɗaki a Sabon Gari ko Samaru, tambayarsa ta farko ita ce ƙarfe nawa ake ta da janareta, kuma akwai ruwa a famfo? A nan ka ajiye waɗannan tambayoyin a gida. Wuta da ruwan zafi ko otal mafi araha yana da su. Abin da za ka bincika daban ne. Na farko girman ɗaki. Ɗakin da za su kira na mutum biyu a tsohon gari, wani lokacin bai kai rabin na otal ɗin da muke sauke baƙin biki a Kongo ba. In ka buɗe akwati biyu, wajen shimfiɗa dadduma ma sai an yi dabara. Hoton intanet yana faɗaɗa ɗaki, don haka ka nemi inda suka rubuta faɗinsa da mita. Na biyu bene. Gidajen tsofaffi ne, sirara masu hawa huɗu ko biyar, da yawansu babu lif, ga garin kuma tudu da gangare. Na san ciwon gwiwar Hajiya. Kada ka biya ko kwabo sai sun tabbatar maka a rubuce akwai lif, ko kuma ɗakin a ƙasa yake.

Batun unguwa shi ne ya fi cin kuɗin baƙi. Kowa yana son ya buɗe taga ya ga Aya Sofiya, ginin da aka kammala tun shekarar 537, aka mai da shi masallaci bayan Sultan Muhammad ya ci garin a 1453, aka kuma dawo da sallah a cikinsa a 2020. Kusa da shi ga Masallacin Sultan Ahmed mai hasumiya shida. Wurin ya cancanci gani, wallahi ranar da na fara sallar asuba a can sai da na yi hawaye. Amma kuɗin wannan tagar ake ɗora maka a kan ɗaki. Akwai jirgin ƙasa na cikin gari da suke kira tiram, layin T1, yana bi ta Eminonu, Sultan Ahmed, Beyazit, Laleli da Aksaray. Ka matsa tasha uku ko huɗu a kan wannan layin, ka sami ɗaki mafi girma a kuɗi ƙasa da haka, kuma cikin 'yan mintuna kana ƙofar masallaci. Laleli da Aksaray nan 'yan kasuwarmu masu sarin abaya da takalma suke sauka, har Hausa za ka ji a titi. Sai dai akwai hayaniya, kuma ba kowane lungu zan so ku bi da dare ba. Ka zaɓi wanda yake dab da babban titi, ka turo mini sunansa in je in gani da idona.

Ka kuma tambaya ko kuɗin ya haɗa da karin kumallo da harajin masauki da suka fara karɓa a 2023. Karin nasu burodi ne da cuku, zaitun, tumatir, kokwamba, dafaffen ƙwai da shayi. Ba koko da ƙosai ba ne, amma yana riƙe ciki har azahar, kuma cin abinci ɗaya ke nan ka rage.

Yanzu abinci, inda na fi so ka saurare ni. Ka tuna yadda Baba yake cewa in kana neman tuwo mai kyau, ka bi bayan masu kaya da direbobin Kwangila? Haka abin yake a nan. Duk gidan abincin da ka ga an tsai da yaro a ƙofa yana kiran masu wucewa da Turanci ko Larabci, ka wuce. Ka shiga layi na biyu ko na uku a baya, ka nemi abin da suke kira esnaf lokantasi, wato gidan abincin masu sana'a. Tukwanen suna jere a bayan gilashi, ba ka buƙatar yare, nuni kawai za ka yi. Akwai wake a miyar tumatir da shinkafa, akwai romon wani ɗan ƙaramin wake da suke sha da lemun tsami, akwai kaza da nama da ganye. Burodi ba ya yankewa a tebur. Ku je da rana, don da yawansu kafin magariba tukwane sun ƙare. Daura da Masallacin Sulaimaniyya, wanda Mimar Sinan ya gama ginawa a 1557, akwai jerin shagunan da suka yi suna da waken nan. Hajiya za ta so ayran, nono ne tsinkakke da gishiri maimakon sukari.

Doka ta tilasta musu liƙa farashi a bakin ƙofa tun farkon 2024, don haka ka karanta kafin ka zauna. Ba zan rubuta maka lissafi da lira, kuɗin ƙasar nan ta Turkiyya, ba, domin farashi yana tashi a nan kamar yadda yake tashi a Kasuwar Sabon Gari, abin da na faɗa yau zai canja kafin ku iso. A gidan abinci ba a ciniki. A babbar kasuwa mai rufi ta Beyazit kuwa, taya kaya kamar kana gida.

Gaskiya sun fi mu tsabtar wurin ci da tsari. Mu kuma mun fi su ɗanɗano mai ratsa harshe. Naman su mai laushi ne amma babu yaji, ban taɓa cin wanda ya kama ƙafar tsiren da muke saya da dare a PZ ba. Shayinsu ma a ɗan kofin gilashi ne, babu madara.

Da kun sauka ku sayi katin Istanbulkart, kati ɗaya ya ishe ku ku biyu, da shi za ku hau tiram da bas da jirgin ruwa. Kada ka biya masu tallan yawon teku kuɗi mai yawa. Ku hau jirgin ruwan haya daga Eminonu zuwa Uskudar, ku tsallaka daga Turai zuwa Asiya cikin kamar minti ashirin, ku yi la'asar a can ku dawo.

Ka sanar da ni ranar tashinku daga Abuja da wuri don in nemi hutu a wurin aiki in tarbe ku a filin jirgi. Don Allah ka ce wa Hajiya ta taho mini da yajin ƙuli da kuka da daddawa, nawa sun ƙare tun azumi. A gaishe da Baba da Inna, a ce su sa ni a addu'a.