Hotuna ko LiDAR: wanne ya dace da ginin ƙasa na Zariya?

Ɗan'uwa, na ga tambayarka a guruf jiya da dare. Ka ce kana shirin gajeren fim a kan tsohon birnin Zazzau, kana son kwafo siffar wani soro da guntun ganuwa ka shigar cikin Unreal Engine, manhajar haɗa wasannin bidiyo da fina-finai a kwamfuta. Shin ka sayar da wayarka ka sayi iPhone mai LiDAR, na'urar auna nisa da haske, ko hotuna sun wadatar?

Kada ka sayar da wayarka tukuna.

Hanyar hotuna ita ce ka zagaya ginin kana ɗauka, kowane hoto ya maimaita fiye da rabin abin da ke cikin na bayansa. Manhaja ce za ta nemo tabon da ya fito a hotuna da yawa, ta auna nisansa, ta gina siffar. Saboda haka bango mai kaushi take so, mu kuwa Allah ya hore mana shi. Na gwada a soron kakanmu da hoto kusan 200. Wallahi har ciyawar da aka cuɗa da ƙasar ta fito, da sawun yatsun magini a jikin yaɓe, da inda awaki suka goge gindin katangar ya yi sulɓi. Amma ƙofar ƙarfe mai sheƙi da ke gefe ta fito a lotse, domin gilashi da farin fenti da duk abu mai ƙyalli suna rikita manhajar.

Babbar matsalarta rana ce. In ka ɗauka da tsakar rana, inuwa za ta manne a jikin siffar, kuma duk hasken da ka kunna a Unreal sai ya yi karo da ita. Ka bari sai hunturu, ranar da hazo ya rufe Dutsen Kufena, haske ya bazu babu inuwa. Sanyin safiya kafin rana ta fito ma yana yi.

LiDAR kuwa haske yake harbawa, ya lissafa lokacin dawowarsa. Apple ta sa shi a iPhone 12 Pro a 2020, kuma nisansa bai wuce kamar mita 5 ba, don haka zankwayen saman soro sun fi ƙarfinsa. Yana da sauri, yana aiki a ɗaki mai duhu, yana ba ka ainihin girman wuri. Sai dai yana shafe ƙananan abubuwa. Zanen dagi a bango zai fito kamar an lulluɓe shi da zane. Kyamarar fim ɗin na matsowa kusa, asiri ya tonu.

Da can siffar hotuna nauyi take yi wa Unreal. Tun da Unreal Engine 5 ta fito a 2022 da Nanite, fasahar da ke ɗaukar siffofi masu nauyi, an samu sauƙin wannan sosai. RealityCapture ma, manhajar gina siffa daga hotuna, wadda Epic Games mai Unreal ta saya a 2021, yanzu ake kiranta RealityScan, kyauta ce ga wanda kuɗin shigarsa bai kai dala miliyan 1 a shekara ba.

Kuɗin iPhone ɗin nan, ka zuba su a kwamfuta mai katin sarrafa hoto na kamfanin NVIDIA da batirin sola, don aikin yakan ci awanni, kuma ka san halin wutarmu. Batun girma kuwa, ka ajiye sanda mai tsawon mita 1 a gindin katangar kafin ka fara ɗauka, daga baya ka daidaita awo da ita. Ka kuma gaida mai gida da mai unguwa, ka nemi izini kafin ka ɗaga waya.