Tsohon hom tiyata ɗan 2004: na gyara shi, ga yadda na same shi

Idan akwai tsohon hom tiyata, wato jerin sifikun da ake haɗa wa talabijin a falo, jibge a sitonku, wanda aka daina kunnawa tun da aka sauya talabijin, kada ku yi saurin miƙa shi ga 'yan gwangwan. Na gyara irinsa, ina amfani da shi kullum tun ƙarshen damina, kuma ra'ayina a kai a fili yake: sifika mai kyau ba ta saurin tsufa. Abin da ke lalacewa shi ne soso da gam da waya da 'yan ƙananan kayan cikin amfilifaya, waɗannan kuwa duk suna da magani.

Wanda nake magana a kai na yayana ne. Ya saye shi tokumbo a kasuwar Alaba da ke Legas lokacin da faifan DVD ke tashe. Ƙirar wani kamfanin Japan ne amma don kasuwar Amurka aka yi shi, takardar da ke manne a bayansa kuma ta nuna 2004. Tsarin 5.1 ne, wato sifika biyu a gaba, ɗaya a tsakiya, biyu a baya, sai wufa, wato sifikar sauti mai kauri, mai inci 8 da ke da tata amfilifayar (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a ciki, ga kuma babban akwatin da ke rarraba sautin. Da ya sayi talabijin ta bango sai kafofin waya suka ƙi haɗuwa, aka kwashe komai aka kai sito. Na ce, "Yaya, waɗannan kayan fa?" Ya ce, "Kwashe su, in sun tashi ka kira ni in zo in ji."

Ƙurar hunturu ta shekaru ta yi musu riga. Ɓera ya cinye wayoyin sifikun baya, gindin akwatin ɗaya daga cikinsu ya ɗan kumbura saboda laima. Rimot dai batiri ya zube a cikinsa. Amma abin da ya fi tayar min da hankali shi ne wufar. Da na cire ragar gabanta, sai na ga zoben sosan da ke riƙe takardar sifikar da ƙarfen gefe ya ruɓe, ina taɓa shi yana marmashewa kamar busasshen burodi. Wannan ba aibun ƙira ba ne. Irin sosan da ake yi wa sifiku haka yake, bayan shekara 15 zuwa 20 yakan ruɓe, zafi da laima kuma suna ƙara masa sauri. Wanda ya kunna wufa a wannan hali da ƙarfi, shi ne zai kashe ta, domin koyil ɗin ciki, wato naɗin wayar da ke motsa takardar, zai riƙa gugar maganaɗisu har ya ƙone.

Saboda haka ban sa komai a wuta ba sai da na gwada kowace sifika ita kaɗai. Gwajin bai da wuya. Ka ɗauki batirin tocilan mai bolt 1.5 ka taɓa wayoyinta biyu na ɗan lokaci: in ta yi "ƙwas" takardar ta motsa, da ranta. Gwajin yana kuma nuna maka wace waya ce jan kai, wato mai alamar +, domin idan ka haɗa daidai takardar waje za ta turo. Daga nan sai mitar masu gyaran lantarki, wadda ke auna om, wato juriyar koyil ɗin ga wuta. Sifikar da aka rubuta mata om 8 takan nuna wajen 6 a mita, hakan daidai ne. In ta nuna sifiri ko ta ƙi nuna komai, koyil ya tafi. Duka shidan nawa sun amsa, a nan ne na san aikin ya cancanci a kashe masa kuɗi.

Wufar na kai wa wani dattijo mai gyaran sifika a Sabon Gari, daga cikin masu yi wa masallatai da masu kiɗan biki aiki. Da ya duba sai ya ce, "Malam, in sa maka ƙyalle mai ƙarfi mana, ba zai sake ruɓewa ba." Na ce, "A'a Baba, soso nake so, daidai girman wanda ya fita." Shawararsa ba ta banza ba ce, domin sifikun da yake gyarawa a fili ake kunna su da ƙarfi, ƙyalle ne ya dace da su. Wufar falo kuwa an auna taushin sosanta da girman akwatinta da ramin iskar da ke jikinsa. Idan aka sa mata abu mai tauri za ta yi ƙara, amma zurfin nan da ake ji a ƙirji zai ɓace. Sai da aka nemo zoben da ya dace kafin ya fara.

Na zauna na kalli aikin, kuma ya burge ni. Ya kankare tsohon gam daga ƙarfen da 'yar wuƙa, ya goge bakin takardar da auduga da sifirit a hankali har ta daina danƙo. Ya fara manna zoben a jikin takardar, ya bar shi ya kama. Wajen manna gefen waje ne gwanintar take. Ya haɗa sifikar da wata 'yar amfilifaya, ya sa mata sauti mai kauri ƙasa-ƙasa, takardar tana rawa, shi kuma yana bi da yatsunsa yana danna zoben zagaye, kunnensa a kusa. Inda ya ji alamar guga sai ya ɗan ja gefe, har koyil ɗin ya zauna a tsakiyar raminsa ba ya taɓa komai. Ya ce in bar ta ta kwana kafin in kunna.

Babban akwatin wani yaro mai gyaran rediyo ne ya buɗe shi, kuma ina ba kowa shawarar kada ya sa hannu a ciki da kansa, domin manyan kafasitocin da ke ciki suna riƙe wuta ko bayan an cire soket. Ya hure ƙurar, ya fesa maganin wanke kafofi a maɓallin ƙara sauti da ke ƙarƙar in an juya shi, ya sake dalma a wasu wuraren da ta tsattsage. Kafasita biyu ƙanana sun kumbura a ɓangaren wuta, ya sauya su da masu lamba ɗaya. Wufar ma an sauya mata fiyus. Akwatin sifikar bayan da ya kumbura na cusa masa gam na kafinta na matse shi, wayoyi kuma na sayi sababbi masu kauri, na jan ƙarfe. Rimot ya tashi bayan an goge bakin batirin.

Maganar wuta takan kashe kayan tokumbo, don haka a kula. Bayan wannan akwatin an rubuta bolt 120, hez 60, wato wutar Amurka. Tamu bolt 230 ce, hez 50. Sa shi kai tsaye a bango na daƙiƙa ɗaya ya isa ya gama da shi. Na sayi taransifomar rage wuta mai wat 1000, wadda ta fi ƙarfin abin da akwatin da wufar ke ja nesa ba kusa ba, na sa ta a bayan sitabilaiza. Ko da hakan, taransifomar cikin akwatin, da aka naɗa don hez 60, takan fi ɗaukar zafi idan aka ba ta wutar hez 50, shi ya sa na ajiye akwatin a sarari, ban ɗora masa dikoda a kai ba. Na kuma rufe bakin filoginsa da jan salatif, don kada wani yaro ya cire ya sa a bango.

Haɗa shi da talabijin ta zamani shi ne abin da ya gagari yayana, alhali maganin waya ɗaya ce. Akwatin ba shi da kafar HDMI. A 2004 wannan kafa ba ta daɗe da fitowa ba, tsarin ARC da ke dawo da sauti daga talabijin ta cikinta kuwa sai 2009 ya zo. Amma yana da kafar wayar haske (optical), wadda kamfanin Toshiba ya fito da ita tun 1983, kuma talabijin da yawa har yau suna da ita a baya. Wayar tana ɗaukar tsarin sauti na Dolby Digital da DTS na 5.1 cikakku. Sai dai dole ka shiga saitin sautin talabijin ka ce ta miƙa sautin yadda ya zo, domin idan ka bar ta a kan PCM, hanya biyu kawai za ta turo, sifikun baya su yi shiru ka ɗauka sun mutu. Wayar salula kuma na saya mata 'yar na'urar Bluetooth na sa a kafar CD.

Jera su ma yana da ƙa'ida. Ta tsakiya a ƙasan talabijin daidai, na gaba biyu a buɗe kamar digiri 30 hagu da dama daga inda kake zaune, na baya kuwa a gefe su ɗan wuce kafaɗa, wajen digiri 110, sama da kunne kaɗan. Na faɗa wa akwatin cewa sifikuna ƙanana ne, na sa ya tura duk sauti mai kauri da ke ƙasa da hez 100 zuwa wufa. Wufar da farko a kusurwa take, tana ruri tana rufe komai. Da na jawo ta daga bango kamar taku ɗaya na rage mata ƙarfi, sai sautin ya zauna.

To, yaya sautin yake? Abin da ya fi komai daraja a wannan kaya shi ne sifikar tsakiya. A fim mai 5.1 kusan duk magana ta nan take fitowa, kuma tana fita tas, kamar daga bakin mai maganar. A da muna ƙara sauti in ana hira, mu rage in an fara harbi ko kiɗa. Yanzu rimot yana ajiye har fim ya ƙare. Mahaifiyarmu, wadda jinta ya ɗan ragu, ta zo ta zauna lokacin labarai ta ce, "Yau dai na ji abin da suke faɗa ba tare da an ƙure min shi ba." Wannan kaɗai ya biya ni wahalata. Karatun Alƙur'ani ma yana fita da nutsuwa, ana jin numfashin mai karatu da amon ɗakin da aka ɗauka, ba tare da kaifin da ke gajiyar da kunne ba.

Finafinanmu na Hausa da yawancin abin da ke intanet da hanya biyu aka haɗa sautinsu. A nan tsarin Pro Logic II, wanda Dolby ya fito da shi a 2000, yake aiki: yana zaro murya ya kai tsakiya, ya watsa wani ɓangare na sauran zuwa baya. A fim da ƙwallo ya yi min daɗi ƙwarai, mai sharhi a gaba, hayaniyar 'yan kallo a kewaye. A waƙa kuwa ban so shi ba. Tsofaffin waƙoƙin kalangu da kukuma sun fi daɗi a sifikun gaba biyu da wufa kawai, inda ake jin fatar kalangun tana matsewa tana sakewa, amshi kuma yana tsaye a wurinsa. Da an watsa su baya sai su yi ruwa-ruwa.

Ƙarfinsa ya ishi falo matsakaici har da saura. Kada lambobin da ke jikin sababbin kwalaye su ruɗe ku, masu cewa wat dubu kaza PMPO, domin wannan awo ba shi da wata ƙa'ida da aka yarda da ita. A Amurka tun 1974 hukumar kula da ciniki ta wajabta wa masu sayar da amfilifayar gida su faɗi ƙarfin da take iya bayarwa a ɗore, shi ya sa lambar tsofaffin kayan can take da ƙanƙanta a ido amma take da nauyi a kunne. Ɗaga akwatin ma kawai zai gaya maka, taransifomarsa da ƙarfen sanyaya shi ba wasa ba ne.

Yana da nasa rauni, kuma ba zan ɓoye ba. Ba ya fahimtar sababbin tsare-tsare irin su Dolby Atmos, wayar haske ma ba ta ɗaukarsu, sai dai talabijin ta mayar da su tsohon Dolby Digital. Sifikun baya ƙanana ne, sautinsu siriri ne in aka kwatanta da na gaba. Tsakanin inda wufa ta tsaya da inda ƙananan suka ɗauka akwai ɗan rami, muryar namiji mai kauri takan rasa wani abu a nan. Yana cin wuta ko ba a ƙure shi ba, mai sola zai ga hakan a batirinsa, kuma a kan inbata mai arha taransifomar tana ƙugi. A zafin Afrilu yana ɗaukar zafi sosai, na sa masa 'yar fanka a baya. Ga wayoyi, waɗanda sai da na bi gindin bango da su kafin uwargida ta yarda da zamansu. Da dare kuma dole a kunna saitin dare a rage wufa, domin amonta yana ratsa bango, maƙwabci kuwa yana da haƙƙi.

Abin da na kashe gaba ɗaya, har da taransifomar rage wuta, bai kai kuɗin sabuwar doguwar sifikar nan ta ƙasan talabijin mai matsakaicin daraja ba, kuma na saurari irinta a gidan aboki: ta fi sauƙin haɗawa, amma ba ta kai wannan fitar da murya da faɗin sauti ba. Wanda ke zaune a ɗaki ɗaya, ko mai yawan tashi daga haya zuwa haya, ita ta fi masa. Mai falo da ɗan haƙuri kuwa, tsohon ya fi.

Kafin ka kashe ko sisi a kan naka, ko ka sayi irinsa a kasuwa, duba abu uku. Koyil ɗin sifikun su amsa gwajin batiri, musamman ta tsakiya da wufa. Babbar taransifomar akwatin kada ta yi warin ƙuna, domin samun madadinta yana da wuya, naɗin hannu kuma ba kasafai yake dawo da ita daidai ba. Sannan ya kasance yana da kafar wayar haske. Akwai irin da aka haɗa amfilifaya da na'urar DVD a akwati ɗaya, sifikunsu masu om 3 ko 4 da filogi na musamman. Waɗannan in akwatin ya mutu sifikun ba sa zama lafiya da kowace amfilifaya, don haka sai an duba lambar om ɗin da ke bayansu kafin a haɗa su da wata.