Shagon buga hotuna a Yamai da zanen Claude Monet

Kusa da kasuwar Wadata a Yamai akwai wani shagon buga hotuna da saka su cikin katako, wanda yawancin aikinsa hotunan biki ne, da hoton Ka'aba, da allunan ayoyi da ake ratayawa a falo. Kwanan nan mai shagon ya fara karɓar aikin buga zanen Turawan da, a kan takarda ko a kan yadi mai kauri, kuma ina ganin sana'ar za ta karɓu, domin gidajen da ba sa son rataya hoton mutum ko na dabba ba su ƙyamar hoton gona ko na tabki. Na ba su aikin zane biyu na Claude Monet, ɗan ƙasar Faransa. Aikin katakonsu ba shi da abin kushewa, amma wajen launi akwai sauran gyara, kuma dalilin yana cikin salon mai zanen kansa.

An haifi Monet a birnin Paris a 1840, ya tashi a Le Havre da ke bakin teku, inda wani mai zane, Eugène Boudin, ya koya masa fita fili ya zana abin da idonsa ke gani maimakon zama cikin ɗaki. Ya yi aikin soja a Aljeriya daga 1861 zuwa 1862. A 1874 shi da abokansa, cikinsu har da Renoir da Pissarro da Sisley, suka shirya baje kolin kansu a Paris saboda hukumar baje kolin gwamnati ta sha ƙin karɓar ayyukansu, kuma masu sharhi na lokacin sun yi musu ba'a cewa zanensu bai ƙarasa ba. Ya sha talauci sosai kafin ya koma ƙauyen Giverny a 1883, ya sayi gidan a 1890, ya zauna a can har rasuwarsa a 1926. Abin da ya dame shi duk tsawon rayuwarsa shi ne haske, wato yadda abu guda yake sauya launi tsakanin hantsi da la'asar, da tsakanin rani da lokacin sanyi. Yana ɗora launuka gefe da gefe da gajerun shafe-shafe ba tare da ya gauraya su sosai ba, sai idon mai kallo ya haɗa su daga nesa, kuma yana guje wa baƙin fenti, har inuwa ma da shuɗi da ruwan hoda da shunayya yake yin ta.

A nan ne aikin farko ya samu matsala. Zanen yana cikin jerin tarin alkama da ya yi tsakanin 1890 da 1891 a gonar maƙwabcinsa, kusan guda 25, waɗanda siffarsu take kama da rumbunan ƙauyukanmu. Ɗaya daga cikinsu an sayar da shi a New York a 2019 kan dalar Amurka miliyan 110.7. Yaron da ke kula da kwamfutar shagon ya saba da hotunan amare, inda ake son komai ya fito rangaɗau, don haka ya ƙara wa hoton ƙarfin launi da duhu ba tare da ya tambaya ba. Inuwar da ke kwance a gindin tarin, wadda a asali shuɗi ne mai ratsin shunayya, ta koma baƙa wuluk, sararin sama kuma ya zama ruwan lemo mai kashe ido. An kuma buga shi a takarda mai sheƙi, aka rufe da gilashi, ta yadda duk wanda ya tsaya gabansa da rana ƙofar falon zai gani maimakon gonar. Da na nuna wa mai shagon asalin hoton a waya, bai yi gardama ba, ya ce: "Malam, gaskiyarka, yaron nan ya yi masa kwalliyar da bai nema ba." Ya sake bugawa a takarda marar sheƙi bai ƙara ko dala ba, wannan kuwa hali ne da ya cancanci yabo a kasuwar yanzu.

Zane na biyu na furannin bado ne da ke tabkin lambunsa na Giverny, waɗanda ya zana kusan sau 250, yawancinsu a tsufansa, wasu ma bayan yanar ido ta kama shi har aka yi masa tiyata a 1923. An buga wannan a kan yadi, ba gilashi, kuma ya fi na farko kyau nesa ba kusa ba, domin saƙar yadin tana tausasa launi, koren ganye da shuɗin ruwa suka shiga juna yadda ya kamata. Kaurin fentin da ake gani a asalin aikin dai babu injin da zai fito da shi, kuma ba zan ɗora wa shagon laifin wannan ba. Damuwata da yadin ita ce ƙurar hunturu, wadda za ta shige cikin saƙar, ba kuma a goge shi da jiƙaƙƙen tsumma.

Katakon kuwa an yanka shi daidai, kusurwoyi huɗun sun haɗu ba rata, an kuma toshe bayan da kwali mai ƙarfi da ƙugiya biyu. Na biya jika 12 na takarda, jika 20 na yadi, rabin kuɗin tun farko, kuma an ba ni rasiɗi. Sun yi jinkiri kan ranar da suka sa mini, suka ce ɗaukewar wuta ce.

Wanda zai kai musu irin wannan aiki ya tafi da hoton da kansa, kada ya bari su kwaso ƙarami daga intanet su buɗa shi har ya dusashe. Gidan tarihin zane na Chicago a Amurka yana da shida daga cikin zanen tarin alkamar, kuma yana bayar da manyan hotunansu kyauta a shafinsa. Ya kuma nemi a fara buga masa ɗan ƙaramin gwaji, ya duba inuwar a hasken rana, kafin ya amince a buga babban.