Kafin ka sayi haɗaɗɗiyar masana'anta don ƙaramin layin dogonka, fara auna tarago

Duk wanda ya shimfiɗa ƙaramin layin dogo a kan tebur ya san lokacin da zagayen ke fara gundurarsa. Kan jirgi ya ja taragu ya kewayo, ya sake kewayowa, ba inda ya ɗauko kaya, ba inda zai sauke. Abin da ke ba jirgin kaya dalilin tafiya shi ne masana'anta: rumbun hatsi, kamfanin siminti, mahaƙar kwal, ko sito mai dakalin lodi. Gida da shago ado ne, duk inda ka ajiye su sun zauna. Masana'anta kuwa dole ta yi aiki da layin, tarago ya shigo ya tsaya daidai bakin ƙofarta. Saboda haka sayenta ya fi sayen kowane gini buƙatar lissafi, musamman idan haɗaɗɗiya ce, wadda ta zo an riga an manne ta an yi mata fenti, ba ka da damar matsar da ƙofa ko rage bango.

Maganar ma'auni ita ce ta farko, kuma ba ta da tsawo. Ma'aunin da ake kira HO, wanda ya fi yawa a duniya, kashi 1 ne cikin 87 na girman abin gaske. N kashi 1 cikin 160 ne a Amurka da yawancin Turai, amma 1 cikin 148 a Birtaniya, 1 cikin 150 a Japan. O na Amurka 1 cikin 48 ne. Tarkon yana tsakanin HO da OO na Birtaniya: dukansu suna gudu a kan layi mai faɗin milimita 16.5, sai mutum ya ɗauka gine-ginensu ma ɗaya ne. OO 1 ne cikin 76, ya ɗara HO girma da wajen kashi 14 cikin ɗari. Mutum mai tsayin mita 1.75 yana zama milimita 20 a HO, 23 a OO. A jikin dogon bututun hayaƙi ko tankin mai ba wanda zai lura da wannan bambanci, amma a ƙofa da matakala ido yana kamawa nan take.

Girman ginin kansa kuwa duk ƙarya ce da aka yi yarjejeniya a kai. Masana'anta mai tsawon mita 100, wadda a zahiri ba babba ba ce, za ta ci mita 1.15 a HO, fiye da mita 2 a O, santimita 62 a N. Teburin da yawancin masu farawa ke amfani da shi ƙafa 4 ne da ƙafa 8, wato wajen santimita 122 da 244. Don haka masu ƙerawa suke matse gini, su rage yawan tagogi da tsawon bango. Matsewar ba laifi ba ce. Laifin shi ne a matse har ginin ya koma bai fi taragon da ke gabansa ba, mai kallo ya ce wannan ɗan kamfani ko a wata guda ba zai cika tarago ɗaya ba. Kuma wannan ce babbar cutar haɗaɗɗun gine-gine: dole su shiga kwali su jure tafiya, saboda haka kusan duka ƙanana ne.

Tarago ne alƙali

Ɗauki taragon da kake so ya riƙa zuwa wurin ka auna shi. Rufaffen tarago na Amurka mai ƙafa 40 yana kai santimita 14 a HO, mai ƙafa 50 santimita 17.5, mai ƙafa 60 santimita 21. A N mai ƙafa 50 santimita 9.5 ne. Idan gini yana da ƙofofin lodi biyu, tazarar da ke tsakaninsu ya kamata ta yi daidai da tsawon tarago, domin taragu biyu a haɗe su tsaya kowanne a ƙofarsa. Gine-gine da yawa an tsara ƙofofinsu ne don masu ƙafa 40 na zamanin injin tururi. Ka kawo masu ƙafa 60 na yau, ɗaya ya samu ƙofa, ɗayan ya tsaya yana kallon bango.

Sai tsayin dakalin lodi. A zahiri ya kan yi daidai da daɓen tarago, mita ɗaya da 'yan kai daga saman layi, wato wajen milimita 13 a HO. Amma layinka ba a kan tsurar tebur yake ba. Shimfiɗar ɓawon itace mai laushi (cork) da ake sa wa a ƙarƙashin layin HO kaurinta wajen milimita 5 ne, layin da ke zuwa da gindinsa na roba, irin Unitrack na Kato ko E-Z Track na Bachmann, shi ma a ɗage yake. In ka ajiye gini a kan tebur kai tsaye, dakalin zai nutse ƙasa da ƙofar tarago. Gyaran mai sauƙi ne, a ɗora ginin a kan abin da ya kai kaurin shimfiɗar, ko a sauko da reshen layin zuwa ƙasa kamar yadda ake yi a zahiri. Sai dai in ginin ya zo manne a kan faffadan gindi mai kauri, matsalar ta juya, shi ne zai fi layin tsayi, kuma gefen gindin zai hana layin matsowa kusa.

Idan kuma jirgi zai shiga cikin ginin ne ko ya bi ta ƙarƙashinsa, kamar wurin loda kwal ko tsakuwa, to faɗi da tsayin ƙofar ba abin hasashe ba ne. Ƙungiyar NMRA ta masu ƙaramin layin dogo a Amurka, wadda aka kafa a 1935, tana da ɗan farantin awo na ƙarfe mai nuna filin da jirgi ke buƙata, Turai kuma suna bin ƙa'idojin NEM. Gwada da mafi tsayin abin da ke cikin jiragenka, ba da matsakaici ba. Kuma kada ka sa irin wannan ƙofa a kan kwana, don dogon tarago yana leƙowa gefe idan yana juyawa.

Haka nan kowace masana'anta da taragonta. Siminti da hatsi na zamani suna tafiya a tarago mai murfi da ke zubarwa ta ƙasa, kwal a buɗaɗɗe, mai da sinadarai a tanki, katako a shimfiɗaɗɗe. In taragunka duk rufaffu ne, sayen matatar mai asara ce komai kyanta. Sito na gama-gari ko wurin sauke kaya mai dakali a fili ya fi kowane gini karɓar taragu iri-iri, shi ya sa nake ganin shi ya dace ya zama sayen farko, ko da yake a hoto shi ne mafi rashin ban sha'awa.

Wa ke yin me

Woodland Scenics na Amurka suna da jerin Built-&-Ready a N, HO da O. Fentinsu da tsufan da aka yi musu yana da kyau ƙwarai, ga tarkacen gefe irin durom da akwatuna da alluna, da yawa kuma da fitilun LED da ke shiga tsarinsu na Just Plug ba tare da walda ba. Morrison Door Factory da Clyde & Dale's Barrel Factory misalai ne. Kamanninsu na ƙananan garuruwan Amurka ne a tsakiyar ƙarni na 20. Suna da tsada, kuma ƙananan sana'o'i ne masu karɓar tarago ɗaya ko biyu. Wurinsu gaban tebur, inda ido zai more aikin.

Menards, wanda asalinsa kantin kayan gini ne a tsakiyar Amurka, yana fitar da gine-ginen O da wasu na HO. Manya ne, masu yawan fitila da alluna masu walƙiya, galibi a kan gindi mai ciyawa da mutane da mota a manne. Ga mai son tebur mai armashi da dare, ba su da na biyu a sauƙin kuɗi. Ga mai son kamanni da zahiri, hasken ya yi yawa, gindin kuma sai an yi dabarar ɓoye shi. Lionel da MTH ma suna wannan layi a O, kuma Lionel tun ƙarshen shekarun 1930 yake yin na'urori masu motsi da ke loda kwal a tarago da gaske. Yara ba sa gajiya da su, amma kayan wasa ne kafin su zama kwaikwayon masana'anta.

A Birtaniya, Skaledale na Hornby da Scenecraft na Bachmann su ne haɗaɗɗun OO, an zuba su da rezin, wani ruwan roba da ke daskarewa ya yi tauri, an fente su, akwai kuma na N a ƙarƙashin sunan Graham Farish. Bulo da dutsen jikinsu suna fitowa da kyau. Ana yin su ne zubi-zubi, in zubi ya ƙare sai a jima ba a sake gani ba, don haka mai son biyu iri ɗaya ya saya tare. A Japan, Tomytec na da masana'antu da tankuna da bututai a 1 cikin 150, an riga an yi musu fenti, sai dai ka ɗan soka ɓangarori a juna. Masu N na Amurka da Turai da yawa suna amfani da su duk da bambancin ma'auni, allunan rubutun Japananci kawai suke sauyawa.

Amma duk wanda ke son babbar masana'anta ta gaske zai dawo kan na haɗa-da-kanka, ko ya so ko ya ƙi. Walthers na Milwaukee, jerinsu na Cornerstone, su ke da irin su Medusa Cement, New River Mining da murhun narkar da ƙarfe, kaɗan ne daga kayansu ke zuwa a haɗe. A Jamus akwai Faller, Kibri, Vollmer da Auhagen, wannan na ƙarshen ma yana da tsarin bangaye da ake jerawa a gina kamfani gwargwadon fili, kamar yadda kamfanin DPM ke yi a Amurka. Akwai kuma na kwali irin Metcalfe, masu araha da sauƙin haɗawa. Wanda hannunsa ke rawa, ko idonsa ya yi rauni, ko ba shi da lokaci, haɗaɗɗe ya fi masa, ba abin kunya a ciki. Sauran mutane su sani cewa a cikin kuɗin haɗaɗɗe har da ladan aikin wani suke biya.

Akwai hanya ta tsakiya da nake ganin ta fi duka riba: rabin gini, wanda fuska kawai gare shi da kaurin 'yan santimita, a jingina shi da bangon baya. Walthers, Hornby da Bachmann duk suna yi. Filin da cikakken ƙaramin gini ɗaya zai cinye ya isa a jera doguwar fuskar kamfani mai karɓar taragu uku ko huɗu, mai kallo kuma ya ɗauka sauran ginin yana can baya. Ai ko cikakken gini ka saya, bangon bayansa ba wanda zai taɓa gani.

Abin da aka yi ginin da shi yana nuna abin da za ka iya yi masa gobe. Roba tana yankuwa da wuƙa, tana kama gam mai narkarwa, ba ta da nauyi. Rezin nauyi gare shi, ya faɗi ya fashe, gam ɗin roba ba ya kama shi sai mai saurin bushewa, ƙurarsa kuma ba a shaƙa idan ana goge shi. Bangonsa mai kauri ne, huda shi don sa waya aiki ne. Katako da kwalin da aka yanka da leza sun fi kowa kama da katako na gaske, amma laima tana lanƙwasa su. Wanda aka buga da na'urar 3D, nemi hoto na kusa ka duba layukan bugun a bango da rufi.

Fitila kuwa, karanta ƙarfin wutar kafin komai. Na Menards volt 4.5 suke so, wutar layin DCC (tsarin sarrafa jirage na dijital) a HO kuma ta kan kai 14 ko fiye. Haɗa su kai tsaye ƙona su ne. Kowane kamfani da nasa taransifoma da nasa soket, kuma sau da yawa ba ya cikin kwalin, sai ka sa kuɗinsa a lissafi. Duba launin hasken ma: fari mai shuɗi-shuɗi bai dace da kamfanin bulo na zamanin tururi ba, mai ruwan ɗorawa ya fi. In bangon roba siriri ne, haske zai huda shi ginin duka ya yi ta ƙyalli, maganinsa baƙin fenti ta ciki, wanda ba zai yiwu ba sai in rufin yana ciruwa. Tambayi wannan kafin ka biya.

Zamani ba shi da wuya. Tsohon gini yana iya zama a sabon zamani, don kamfanonin bulo da yawa suna tsaye har yau. Sabon gini ne ba ya komawa baya. Sito na kwano da zubin kankare mai ƙofar naɗewa bai dace da injin tururi ba, wanda manyan layukan Amurka suka ajiye zuwa wajen 1960, Birtaniya a 1968, Jamus ta Yamma a 1977.

Saye ta intanet cinikin biri a sama ne in ba ka nemi awon gindi da tsayi ba. Yanka kwali daidai awon, ka tsayar da shi a wurin na 'yan kwanaki, ka tura taragu ta gabansa, ka gani ko hannunka zai kai wurin raba su ba tare da ka ture bututun hayaƙi ba. Dogon gini tsakaninka da reshen layi zai dame ka kullum. In na hannu ne, nemi hoton kusurwoyi huɗu da na ƙasa, ka duba tabon gam a gilashin taga, da karyayyun matakala da bututai, don su ne ke fara tafiya a hanya, kuma ka tambaya ko kwalinsa na asali yana nan.

Ya iso, kada ka ajiye shi haka kawai. Dubban mutane suna da irinsa sak, da sunan kamfani ɗaya a allo. Sauya allon, fesa masa kariya marar sheƙi, goga garin alli baƙi a bakin bututu da mai launin tsatsa a ƙarƙashin tagogin ƙarfe, fari-fari in siminti ne. Sannan ka tura ƙasa da tsakuwa da ɗan ciyawa har jikin bango don rufe siririn baƙin layin da ke tsakanin gini da tebur. Shi ginin kada ka manne shi. Manna 'yan sanduna a tebur ta cikin kusurwoyinsa ya zauna a kansu, yadda za ka iya ɗaga shi duk lokacin da za ka share layi ko gyara waya.